Idan Juna Biyu Ya Zama Laifi a Wurin Aiki: Matakan Kare Aikinki da Inshorar Lafiyarki

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga mata ma'aikata, kowacce da irin nata labarin. Akwai malamar makarantar kuɗi da mai makaranta ya ce wa "ki je ki huta, in kin sauka lafiya ma yi magana", ta tafi, har aka yi suna aka yi arba'in ba wanda ya neme ta. Akwai ma'aikaciyar kwantiragi da ta shekara uku ba a taɓa tuhumarta ba, amma a watan da cikinta ya fito aka jera mata takardun tuhuma uku. Akwai kuma wadda ta je awo da katin inshorar ofis, aka duba kwamfuta aka ce mata ba sunanta. Dukansu cewa suke: da me zan fara?

Abin da zan jero a nan dokar Najeriya ce. 'Yan'uwanmu na Nijar tsarinku daban ne, hutun haihuwarku ma mako 14 ne, amma maganar ajiye takardu ta shafi kowa.

1. Tattara takardunki tun ba wanda ya sani

Wannan shi ne aikin makon da gwaji ya tabbatar miki kina da juna biyu. Ki nemi jakar roba mai zif, ki zuba takardar ɗaukarki aiki, takardar tabbatar da ke idan an ba ki, littafin ƙa'idojin ma'aikata, takardun albashi na wata shida zuwa shekara, duk wata takardar yabo ko ƙarin girma, sakamakon auna ƙwazo na ƙarshen shekara, da katin inshorarki. Ki ɗauki hoton kowacce da waya, ki tura wa imel ɗinki na kanki. Jakar kuma gida za ta kwana, ba durowar ofis ba.

Takardun yabo da na auna ƙwazo su ne mutane suka fi rainawa, alhali su ne za su yi miki magana ranar da aka ce aikinki ya lalace. Idan an ɗauke ki aiki da baki ne kawai, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ki nema cikin ladabi yanzu. In ba a ba ki ba, saƙonnin banki na shigar albashi da katin shaidar aiki sun isa su nuna ke ma'aikaciyarsu ce.

Hattara: takardun da suka shafe ki kaɗai za ki kwafa. Kada ki taɓa bayanan abokan ciniki ko asirin kamfani, domin da wannan za a kore ki da hujja, maganar ciki kuma ta bi ruwa.

2. Gano dokar da ta shafe ki

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago shi ne ginshiƙi. Ya ba ki damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa idan kin kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ki aiki mako 6 bayan haihuwa, jimilla mako 12. Idan kin yi wata 6 ko fiye a jere kina aiki a wurin, dole a biya ki aƙalla rabin albashinki a lokacin hutun. Mai albashin naira 120,000 ke nan ba za a ba ta ƙasa da naira 60,000 a wata ba. Bayan kin dawo, kina da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. Sannan ba a yarda a ba ki takardar sallama kina cikin wannan hutu ba, ko a ba ki wa'adin da zai ƙare kina cikinsa, haka ma idan likita ya tabbatar rashin lafiyar da ta samo asali daga cikin ko haihuwar ce ta tsawaita zamanki a gida.

Sai dai akwai abu biyu da ba a cika faɗa wa mata ba. Na farko, sashe na 91 ya cire masu aikin gudanarwa, shugabanci da ƙwararru daga waɗanda dokar take kira ma'aikata. Manaja ko akanta ko likita, abin da ke cikin takardar ɗaukarta aiki da littafin ma'aikata shi ne madogararta ta farko. Na biyu, sashe na 54 ɗin da kansa ya ce ba dole ba ne mai ɗaukar aiki ya biya kuɗin asibitin ciki ko haihuwa daga aljihunsa. Saboda haka rigimar kuɗin asibiti ba ta wannan ƙofar ake shigarta ba, ta ƙofar inshora ce, za mu zo kanta.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da na wasu jihohi nasu ya fi tsawo, kuma da cikakken albashi. Jihar Legas ta mayar da hutun wata 6 tun 2014, Kaduna ta yi haka a 2019. Ki duba ƙa'idojin aikin gwamnatin da kike wa aiki.

3. Sanar da su, kuma a rubuce

A nan zan daɗe, domin a nan muka fi faɗuwa. An raine mu da kunya. Mace ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, balle cikin fari, balle a gaban namijin da ba muharraminta ba. Sai a ƙara faɗin hijabi, a ce zazzaɓi ne idan laulayi ya kwantar da mutum, a bari sai ciki ya faɗi kansa. A cikin gida wannan ɗabi'a kyakkyawa ce, ni ma a cikinta na tashi. Amma a ofis ita ce take ba mai mugun nufi mafaka. Ya gani da idonsa, kowa ya gani, ya sallame ki, in an je gaban alƙali lauyansa ya miƙe ya ce "ba mu da masaniyar tana da juna biyu". Ke kuma ba ki da takarda ɗaya da za ki ƙaryata shi.

Rubutu yana raba ki da wannan kunyar ma, tunda ba sai kin furta da bakinki ba. Layi huɗu sun isa:

"Ina sanar da hukumar gudanarwa cewa ina ɗauke da juna biyu, kuma likita ya ƙiyasta haihuwa a watan kaza. Ina ci gaba da aikina kamar yadda na saba. Zan riƙa sanar da ranakun awo tun da wuri. Zan gabatar da takardar neman hutun haihuwa idan lokaci ya yi."

Ki buga kwafi biyu, ki kai wa sashen kula da ma'aikata ko sakataren ofis, a buga hatimi a rubuta kwanan wata a kan naki kwafin. Idan aka ce "ajiye kawai, ba sai an sa hannu ba", ki ajiye, ki koma kujerarki ki tura ta imel ko WhatsApp a ranar, ki ce ga kwafin takardar da na miƙa ɗazu.

Yaushe ya dace? A ganina da zarar an wuce wata uku, kafin ciki ya fito. Idan aikinki na ɗaga kaya ne, ko tsayuwar yini, ko mu'amala da sinadarai, ko laulayi yana hana ki fita, to kada ki jira, ki haɗa da takardar likita da ta faɗi irin aikin da bai dace da ke ba.

Hattara: faɗa wa abokiyar aiki ko uwar ɗakinki a ofis ba sanarwa ba ce, ko da ita ce mataimakiyar oga.

4. Bincika inshorar kafin ki buƙace ta

Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda aka sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta mayar da inshorar lafiya wajibi, kuma ta haɗa da wuraren aiki masu ma'aikata biyar zuwa sama, na gwamnati da masu zaman kansu. Wasu suna bi ta kamfanonin HMO, wato kamfanonin da ke gudanar da inshorar lafiya su biya asibiti a madadin mai rajista, wasu ta hukumomin jiha irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna.

Samun kati a jaka ba shi ne samun magani ba. Ki kira lambar da ke bayan katin da kanki, da biro a hannu, ki yi waɗannan tambayoyin. Sunana yana aiki a yau, kuma yaushe rajistar kamfaninmu za ta ƙare? Tsarin da aka saya mana ya haɗa da awo, hoton ciki, gwaje-gwaje da haihuwa? Tiyatar haihuwa tana ciki, kuma har naira nawa ne iyakarta? Akwai wa'adin jira ga sabuwar mai rajista kafin a fara biyan na haihuwa? Idan jariri ya buƙaci kwalba ko fitilar shawara, wa zai biya, kuma cikin kwana nawa ake so a yi masa rajista? Wane asibiti za a tura ni idan nawa ya gaza? Ki rubuta sunan wanda ya amsa da ranar, sannan ki nemi a turo miki jadawalin abin da tsarin ya ƙunsa.

Iyakar kuɗin tiyata ita ce take kayar da iyalai. Ana cikin murnar "ai muna da inshora", sai a ranar a ce ta ɗauki kaza, sauran naku ne. Idan kin san giɓin tun ciki yana wata huɗu, ke da maigida kuna da wata biyar na tanadi ko adashi.

Hattara: idan takardar albashinki tana nuna ana cire kuɗin inshora amma HMO ta ce an dakatar da kamfaninku saboda bai biya ba, laifin na wurin aikinki ne. Ki rubuta musu a ranar, ki haɗa da takardun albashin da ke nuna cirewar.

5. Idan aka fara matsa miki

Da wuya a ce miki "saboda cikinki ne". Sai dai a ɗauke miki ajin da kike koyarwa, a mayar da ke reshen da sai kin hau mota uku, a daina sa ki a taro, a fara ƙirga mintocin da kika yi a banɗaki. Ki sayi ƙaramin littafi, duk abin da ya faru ki rubuta a daren: rana, lokaci, wa ya faɗa, me ya ce da kalmominsa, su wa ke wurin. Bayan duk wata ganawar baki, ki tura gajeren saƙo: "Ranka ya daɗe, domin in tabbatar na fahimta, a zamanmu na yau ka ce in miƙa aikina ga wance daga Litinin." Ko ya amsa ko ya yi shiru, saƙon ya zauna.

Takardar tuhuma kuwa a amsa ta cikin wa'adin da aka bayar, ba zagi ba kuka. Idan ranar awo ce aka ce kin yi fashi, ki haɗa hoton katin awo, ki ambaci ranar da kika ba da sanarwa. Ke ma ki tsare naki gefen: ki zo a kan lokaci, kada ki yi fashi ba takardar asibiti.

Sai babban gargaɗi. Wata ƙanwata ta kira ni da yamma tana kuka. An shigar da ita ofis, an kawo mata ruwan sanyi, an yi mata magana mai daɗi, aka turo mata farar takarda da biro aka ce ta rubuta ta ajiye aiki da kanta "domin kada fayil ɗinki ya ɓaci", in ta yaye a sake ɗaukarta. Ta rubuta, don tana jin nauyin dattijon da ke gabanta. Layi biyu ne, amma sun cinye hutunta da rabin albashinta da katin asibitinta a wata na bakwai. Idan aka turo miki irin wannan takarda, ki ce "zan je in yi shawara da gida", ki tashi. Ba mai ikon hana ki fita. Kotun ma'aikata tana ɗaukar murabus ɗin dole a matsayin kora, gaskiya ne, amma ke za ki tabbatar da cewa dole aka yi miki, kuma abin da aka yi a ɗaki ba shaida yana da wuyar tabbatarwa. Idan har kin riga kin sa hannu, ki rubuta a ranar ko washegari cewa matsa miki aka yi kuma kin janye.

6. Neman hutun haihuwa

Ki karɓi takardar likita mai rajista da ke nuna lokacin da ake sa ran haihuwa, ki haɗa da takardar neman hutu mai ɗauke da ranar farawa da ranar dawowa. Ki nemi amincewa a rubuce, da adadin abin da za a riƙa biyanki, da tabbacin inshorarki za ta ci gaba. Ki rubuta bayanin miƙa aiki, wanda ya karɓa ya sa hannu. Ranar dawowa ki dawo, ko da jego bai sake ki ba. In jiki ya ƙi, takardar likita ta riga ranar isa ofis.

7. Idan asibiti ko HMO suka ƙi

Wadda ta taɓa zama a benci gaban tagar masu inshora ta san wannan jira: ma'aikaciya tana ta danna waya, tana cewa "ba su turo lamba ba tukuna", ke kuma mara tana murɗawa. Tun watan Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin HMO su ba da lambar amincewa cikin awa ɗaya daga lokacin da asibiti ya nema, idan kuma za su ƙi su faɗi dalili. A larurar gaggawa ba a jiran lamba kafin a fara magani. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai larurar gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun.

Mai naƙuda ba ta iya rigima, don haka tun kafin ranar ki koya wa maigida ko 'yar rakiyarki abin yi. Ya tambayi ƙarfe nawa asibiti ya tura buƙatar, ya kira HMO da kansa, ya karɓi lambar ƙorafi. Idan jini ne ko jijjiga ko naƙuda ta tsaya, a biya a ceci rai, a yi rigimar daga baya. Amma a karɓi rasit mai hatimi da ya fayyace kowane abu da kuɗinsa, da rahoton likita, kuma a biya ta banki in da hali.

Bayan an sallamo ku sai a bi tsani. A rubuta wa HMO neman mayar da kuɗi, a ba wurin aiki kwafi tunda su ne suka sayi tsarin. Idan mako biyu suka wuce shiru, a kai ƙorafi ofishin NHIA na jiha, ko hukumar jiha idan tsarinta ne. Kai ƙorafin kyauta ne, kuɗin kwafi da na mota kawai za ki kashe.

Hattara: kwafi ake miƙawa, ainihin rasit yana hannunki. Rubutun rasit ɗin na'urar POS kuma yana gogewa cikin 'yan watanni, ki ɗauki hotonsa a ranar.

8. Idan an sallame ki

Ki karɓi takardar, ki rubuta rana da lokaci. Idan da baki ne aka ce kada ki sake zuwa, ki tura saƙo kina neman a tabbatar a rubuce, kuma ki ci gaba da zuwa har sai an hana ki shiga, don kada a ce ke kika gudu. Kada ki sa hannu a takardar da ta ce kin karɓi dukkan haƙƙinki ba ki da sauran magana. Idan kuɗin sallama ya shigo asusunki, ki rubuta musu cewa kin gani, amma ba ki amince da sallamar ba kuma ba ki yafe haƙƙinki ba.

A ranar ki kira HMO ki ji yaushe katinki zai daina aiki. Idan an yanke, ki je ofishin NHIA ko hukumar jiha ki tambayi tsarin da mutum ke biya wa kansa da wa'adin jiransa, ko maigida ya sa ki a nasa. Idan kina da asusun fansho kuma kika yi wata 4 ba ki samu wani aiki ba, dokar fansho ta 2014 ta ba ki damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki.

Daga nan sai wasiƙar neman haƙƙi, wadda ta fi tasiri idan lauya ya rubuta. Kina iya kai kuka ga ƙungiyar ƙwadagonku, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiharku, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Marar ƙarfin ɗaukar lauya ta nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

9. Kotun ma'aikata

Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin duk wata shari'ar aiki, har da nuna wariya da rashin adalci a wurin aiki, tare da damar amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga manajoji da ƙwararrun da Dokar Ƙwadago ta bari a waje, da waɗanda aka kora tun kafin lokacin hutu. Kotun tana da rassa a Abuja, Kano, Kaduna, Jos, Sakkwato, Bauchi da Yola, tana kuma da cibiyar sasanci ga masu son a gama ba doguwar shari'a.

An yi nasara a irin wannan ƙara. Kotun ta taɓa ba wata ma'aikaciyar ƙungiya mai zaman kanta diyyar albashin shekara guda, bayan an sallame ta jim kaɗan da sanar da cewa tana da juna biyu. A watan Janairun 2023 kuma reshen Akure ya soke ƙa'ida ta 127 ta 'yan sanda, wadda ake korar 'yar sandan da ta yi ciki ba aure da ita, ya ba wadda aka kora naira miliyan 5.

Ki shiga da idonki a buɗe. A kamfani mai zaman kansa da wuya kotu ta mayar da ke bakin aiki, diyya da haƙƙoƙin da aka riƙe ake samu; ma'aikaciyar gwamnati ce aka fi mayarwa kujerarta. Shari'a tana iya cin shekara da shekaru. Ki yi yarjejeniyar kuɗi da lauya a rubuce tun zaman farko: nawa ne na shigar da ƙara, nawa ne na kowane zama, ko kuwa kaso zai ɗauka idan an ci. Saƙonnin waya da imel suna shiga shaida a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, saboda haka kada ki sayar da wayar da suke ciki, kada kuma ki goge hirar don ɓacin rai.

Hattara: idan gwamnati kike wa aiki, lauyoyinta sukan fake da dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara. Kada ki ce sai kin yi arba'in ko sai kin dawo daga wankan gida. Idan jiki bai ba ki damar fita ba, ki ba maigida ko yayanki jakar takardun nan ya kai wa lauya a makon da aka ba ki takardar sallama.